Tambaya da Amsa: Bununi, ƙwayoyin namiji, da furen da ke zuba bai kama ɗa ba

Saƙonnin da suka taru mana a wannan karon kusan duk kan abu ɗaya suke kewaya: fure ya fito, amma ɗa bai kama ba, ko ya kama ba yadda ake so ba. Mun tsamo guda bakwai muka miƙa wa malaman ilimin tsirrai da na aikin gona da ke amsa tambayoyin wannan fili a nan Damagaram.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a lise, ina zaune a unguwar Birni. A darasin SVT, wato kimiyyar rayuwa da ƙasa, an ce mana polen shi ne maniyyin tsiro. Da na duba wani littafi sai na ga an ce ɗauke da shi kawai yake. Wanne zan rubuta ranar jarrabawa?

Amsa: Ƴata, rubuta na biyun. Abin da ake kira polen a lakol shi ne bununi a bakin manoma, garin nan mai ruwan ɗorawa da ke manne wa mutum a riga idan ya ratsa gonar hatsi da hantsi. Kowace ƙwayar bununi halitta ce mai rai, kuma aiki biyu gare ta: ta samar da ƙwayoyin namiji guda biyu, sannan ta kai su har inda ƙwan mace yake.

Aikin yana farawa tun fure yana ƙunshe. Sashen namiji na fure siririn zare ne da ƴar jaka a kansa. In aka yanka jakar a tsakiya aka duba da mikroskop, za a ga ɗakuna huɗu. Cikin kowane ɗaki akwai ƙwayoyin halitta da za mu kira iyayen bununi, kewaye da su kuma akwai shimfiɗi ɗaya na ƙwayoyin da ke ciyar da su, sunansa tapetum. Riƙe sunan nan, za mu sake haɗuwa da shi a tambayar mai tumatir.

Kowace uwa tana ɗauke da cikakken adadin kuromozom na tsironta, wato zaruruwan da ke riƙe da gado a cibiyar ƙwaya: hatsi 14, masara da dawa 20, wake 22, tumatir 24, dabino 36. Sai ta yi rabuwar da ke rage adadi, wadda ake kira meyoz. Rabuwa biyu ce a jere, ƙwaya ɗaya ta koma huɗu, kowace da rabin adadin, wato 7 in hatsi ne. Da fari huɗun suna manne wuri guda, sai tapetum ya saki sinadarin da ke narkar da abin da ya haɗa su, kowace ta kama gabanta.

A nan ne ɗalibai da yawa ke ajiye biro, suna zaton an gama. A jikin dabba haka ne, abin da meyoz ta haifar shi ke rikiɗa ya zama maniyyi. Tsiro kuwa sai ya ƙara rabuwa biyu na mitoz, waɗanda ba sa taɓa adadin kuromozom. Ta farko raba-daidai ba ta san da ita ba: cibiyar ƙwayar tana matsawa gefe, ta rabu a jikin bango, a samu babbar ƙwaya da ƴar ƙarama. Ƙaramar sai ta saki bango ta nutse cikin babbar, ƙwaya cikin ƙwaya. Babbar ba za ta sake rabuwa ba har ta mutu. Nata shi ne tara guzuri, sitaci ko mai, domin ita za ta gina bututun da za a bi. Ƙaramar ita ce ke sake rabuwa sau ɗaya ta ba da ƙwayoyin namiji biyu. Lissafin ke nan: uwa ɗaya, bununi huɗu, ƙwayoyin namiji takwas.

Yaushe wannan rabuwa ta ƙarshe ke faruwa? Ya danganta da tsiro. A kusan kashi 70 cikin 100 na tsirrai masu fure, bununi yana barin jaka da ƙwayoyi biyu kawai, sai ya sauka a kan mace ya fara tsiro sannan ƙaramar ta rabu a cikin bututu. Tumatir, tattasai, wake da gyaɗa suna cikin waɗannan. Sauran kashi 30 suna gama rabuwar tun a jaka, su fito da ƙwayoyi uku a shirye. Dangin ciyawa duka haka suke: hatsi, dawa, masara, shinkafa, alkama. Irin wannan bununi yana saurin aiki, yana kuma saurin mutuwa, sa'o'i kaɗan ne ransa, cikin zafi da busasshiyar iska ma bai kai haka ba. Ɓawonsa kuwa, wanda tapetum ke taimakawa wajen ginawa, yana da taurin da ake tono shi daga taɓon tafkuna bayan dubban shekaru a gane tsiron da ya zubar da shi.

Abu na ƙarshe da ya kamata ki sa a takardarki: ƙwayoyin namijin tsirrai masu fure ba su da wutsiya, ba sa iyo. Ɗaukar su ake yi.

Tambaya: Farar masara na shuka a fadama kusa da Magarya, irin da na ajiye da hannuna. Da na ɓare goyo sai ga jajayen ƙwayoyi tsilli-tsilli cikin farare. Wasu goyon kuma wawulo ne, ƙwaya nan giɓi can. Iri ne ya lalace?

Amsa: Malam, irinka lafiyarsa lau lokacin da ka shuka. Duba gonakin da ke kewaye da kai, akwai mai jar masara, kuma iska ta kawo maka bununinsa.

Kowane zare na gemun masara yana haɗe da gurbin ƙwaya ɗaya a jikin totuwa. Idan bununi ya faɗa kan zare sai ya tsotsi danshi, cikin mintoci bututu ya ɓullo ta ƙofa ɗaya tilo da ke jikin ɓawonsa, ya huda zaren ya miƙa ciki. Yana cin kusan santimita ɗaya a awa, ya ratsa gemu mai tsawon taƙi ko fiye cikin kwana ɗaya, ƙwayoyin namijin biyu suna tafe daga bakinsa. A can ƙasa akwai jakar mace mai ƙwayoyi bakwai. Biyu daga cikinsu suna tsaye a bakin ƙofa, su ke sakin sinadarin da ke janyo bututu. Da ya shiga sai ya fashe ya zubar da kayansa. Ƙwayar namiji ɗaya ta haɗu da ƙwai, 10 da 10 su ba da 20, shi ne ɗan tayin da zai tsiro baɗi. Ɗayar ta haɗu da babbar ƙwayar tsakiya mai cibiya biyu, 10 sau uku su ba da 30, shi ne garin da ke cika tsaba. Masanin nan ɗan Rasha, Sergei Navashin, shi ya fara bayyana wannan haɗuwa biyu a 1898. Wato tuwon da muke ci, na hatsi ne ko na masara, da hannun ƙwayar namiji ta biyu a cikinsa.

Launin ɗorawar da muke kira jar masara a cikin wannan gari yake, kuma yana rinjayar fari. Shi ya sa baƙon bununi ke nuna kansa a damina ɗaya, ba sai an sake shuka ba. Don ci babu wata illa. Don iri kuwa, ka bar tazarar mita 200 ko fiye tsakaninka da wata masara, ko ka saɓa lokacin shuka da sati uku zuwa huɗu, sannan ka ɗebi irinka daga tsakiyar gona.

Wawulo kuma zare ne da bai samu bununi mai rai ba. Kan masara yana zubar da bununi kamar mako guda ya ƙare. Idan ƙishirwa ta kama shuka a lokacin, kai yana fita a kan kari amma gemu ya makara, ya fito ya tarar an watse. Zaren bakin goyo su ne na ƙarshen fitowa, don haka can giɓi ya fi yawa. Kada ruwa ya yanke daga mako guda kafin fitar kai zuwa mako biyu bayansa. Ka shuka kunya da yawa kusa da juna maimakon dogon layi ɗaya a gefen gona, inda iska ke kwashe bununi ta zubar a banza. Masu yanke kan masara su ba dabbobi kuma su dakata sai gemu ya bushe ya yi baƙi.

Tambaya: Ina da garka a Mirya. Daga ƙarshen Maris tumatir ɗina yana yin fure sosai, ganye shar, amma furen sai ya bushe daga wuya ya faɗi. Na yi feshi sau biyu, na ƙara taki, babu canji.

Amsa: Alhaji, ajiye famfon feshin nan, ba ƙwaro ba ne. Furen da ka ga ya faɗi yau, tun kusan kwana goma da suka wuce aka yi masa illa, lokacin yana ƙunshe bai kai ƙwayar shinkafa ba. Wannan shi ne lokacin meyoz da ƴan kwanakin da ke bin ta, kuma a duk rayuwar tsiro ba inda ya fi nan rashin jure zafi. Zafi yana kashe tapetum kafin ya gama ciyarwa, sai bununi ya fito ba sitaci, a motse, wani lokaci jakar ma ta ƙi buɗewa. Ga tumatir akwai ƙarin matsala: zafi yana sa wuyan mace ya yi tsawo ya leƙo waje ya wuce jakunkunan da ke kewaye da shi, sai bununi ya zuba a bayansa, bakin kuma ya bushe.

Tumatir yana fara gazawa idan rana ta wuce digiri 32 kuma dare bai sauka ƙasa da 21 ba. Kowa ya san Afrilu da Mayun Damagaram, rana ta haura 40, dare ma mutum ya rasa inda zai sa kansa. Zafin dare ya fi yadda ake zato ɓarna. Wake ma haka yake: dare mai zafin digiri 30 a kwana bakwai zuwa tara kafin fure ya buɗe yana hana bununinsa nuna.

Babban maganin a kalanda yake. Yi reno a Oktoba, dasa a Nuwamba, furen ya faɗo cikin sanyin Disamba zuwa Fabrairu. Ga wanda ke ƙasa yanzu, yi masa rumfar kaba ko zana mai barin haske ya ratsa, rufe gindinsa da ciyawa, ba shi ruwa kullum a kan lokaci ɗaya. Da hantsi ka riƙa girgiza sandunan da ka ɗaure shi, domin bununin tumatir sai an jijjiga yake zubowa. Takin ure kuwa ka dakatar, ganye zai ƙara maka, furen ya ci gaba da zuba.

Tambaya: Na gaji itatuwan dabino a wajen Gidimuni. Wasu ba su taɓa ba da ɗa ba. Masu bayarwa kuma wani nonon sai ya fito da ƴaƴa uku-uku ƙanana, ba ƙwallo, ba zaƙi.

Amsa: Waɗanda ba sa haihuwa, in suna fure, maza ne. Dabino, kamar giginya da goruba, namiji daban mace daban, kuma in daga ƙwallo aka shuka kusan rabi maza za su fito, ba a ganewa sai sun fara fure. Ɗan da aka cire daga gindin uwa shi ne ke gado jinsinta da irin ƴaƴanta. Kada ka sare mazan duka. Namiji ɗaya mai kyau yana isar mata kusan hamsin in da hannu ake barbara.

Ƴaƴa uku-ukun nan shaidar rashin barbara ce. Furen macen dabino yana da gurbi uku. In ƙwayar namiji ta isa, ɗaya ya kama, biyun su bushe su faɗi. In ba ta isa ba, ukun suna iya kumbura tare ba ƙwallo, ba su nuna yadda ya kamata. Aikin barbarar dabino da hannu tsoho ne ƙwarai, har ya zo a hadisin da ke cikin Sahihu Muslim cewa mutanen Madina suna yin sa.

Ga yadda ake yi. Ka yanko kuben furen namiji ranar da ya fara tsagewa, ko yana gab da haka, in ka matsa shi za ka ji yana ƙara. Ware silin furen ka shanya a inuwa bisa takarda, wurin da ba iska, kwana biyu zuwa uku. Rana tana kashe shi, leda kuma tana sa shi ruɓa. Kuben mace yana tsagewa ka hau cikin kwana biyu zuwa huɗu, bayan haka bakin furen ya fara bushewa. Ɗauki sili biyu ko uku na namiji, kaɗa su a kan nonon, sannan ka cusa su tsakiya kai a ƙasa, ka ɗaure nonon sako-sako da kaba. Daga hantsi zuwa azahar ya fi, raɓa ta bushe. In ruwan sama ya sauka cikin ƴan sa'o'i bayan ka gama, sake.

Sau da yawa mace tana riga namiji buɗewa. Sa'ar da aka yi, bununin dabino ba irin na hatsi ba ne, yana jure ajiya. Busasshe sarai, cikin kwalba mai murfi, a firiji, yana kaiwa furen gaba. Sai a dangwala auduga a ciki a cusa a nono. Kuma ka lura da namijin da ka ɗebo daga gare shi, domin a dabino uba yana shafar girman ɗa da lokacin nunarsa.

Tambaya: Daga Tanut nake. Zangarniyar hatsina doguwa ce amma rabinta ba tsaba. Shi ma zafin ne?

Amsa: Yana iya zama, amma duba zangarniyar tukuna. In ka ga hanya ta naɗe ta kamar an murɗa igiya, murzuna ce ta ci, ba ruwan bununi. In ba alamar ci, sai a koma kan barbara. Hatsi macensa ke riga fita: fararen zaren nan masu laushi suna bayyana kwana biyu zuwa uku kafin jakunkunan bununi na zangarniyar, don haka yawanci da bununin maƙwabciya take kamawa. Wadda ta yi sammakon fita ita kaɗai, ko ta makara bayan gona ta gama, ita ke kwana da giɓi. Ruwa mai ƙarfi da safe a kwanakin fure yana wanke bununi, zafin da ya kai digiri 42 kuma yana rage kamawa ko ga hatsi mai juriya. Wannan buɗaɗɗiyar ƙofa ce ke sa shibra shiga iri. In kana ajiye iri, tuge shibra kafin ta yi bununi, in ka bari sai girbi ta riga ta bar jininta a gonar.

Tambaya: Wani ɗalibin Jami'ar André Salifou yana tambaya: duk tsirrai masu iri ne ƙwayoyin namijinsu ba sa iyo?

Amsa: A'a. Itacen ginko da dangin sikad, tsofaffin tsirrai marasa fure, har yau nasu suna iyo da dubban gashi ƙanana. Masana biyu ƴan Japan, Hirase da Ikeno, suka gano haka a 1896. Bututun bununinsu ya fi kama da saiwar tsotson abinci, yana fashewa kusa da ƙwai su ƙarasa da kansu cikin ɗan ruwa. Na wasu sikad ya kusa rabin milimita, ido yana iya ganinsa. Itatuwan fain na ƙasashen sanyi nasu ba ya iyo, bututu ke kai shi, amma tsakanin saukar bununi da haɗuwa ana shafe fiye da shekara, kuma ƙwaya ɗaya ce ke aiki, ɗayar ta lalace.

Tambaya: Ni malamin SVT ne a wani kolej a Matamai. Muna da mikroskop ɗaya. Yaya zan nuna wa yara bututun bununi da idonsu?

Amsa: Malam, ɗaya ta isa. Narka giram ɗaya na hodar asid borik, wadda ake samu a kantin magani, cikin lita ɗaya na ruwa mai tsabta. Ɗebi mililita 10 daga ciki, zuba giram 10 na sukari, cika da ruwa zuwa mililita 100. Sinadarin boron da ke cikin asid borik ɗin nan ba ado ba ne, in babu shi bututu yana fashewa tun bai yi nisa ba.

Ɗiga ɗigo ɗaya a kan gilashi, kaɗa masa furen tumatir ko tattasai da aka tsinko da safen nan. Zuba bununi da ɗan yawa, ya fi tsiro a cikin taro. Kada ka rufe da ƙaramin gilashi, yana bukatar iska. Sa shi cikin kwano mai murfi da jiƙaƙƙiyar auduga, ajiye a wuri mafi sanyi a ajin, kusan digiri 25. Bayan awa ɗaya zuwa uku a duba. Wanda bututunsa ya fi faɗin ƙwayar tsawo shi ake ƙirgawa ya tsiro. Yara su ƙirga ɗari su fitar da kaso. In ƙwayoyin sun farfashe sukari ya yi kaɗan, in sun motse ya yi yawa ko ɗigon ya fara bushewa. Ka gwada furen Janairu da na Afrilu daga garka ɗaya, za su ga abin da mai tumatir na Mirya ke kuka da shi.

Kada ka ɓata lokaci da bununin hatsi ko masara a wannan ruwa, da wuya yake tsiro a gilashi. Amfaninsa a wani wuri yake. Ɗiga masa ruwan aidin: cikakke zai yi baƙi-baƙi saboda sitaci, holoƙo ya zauna fari. Sai dai aidin sitaci yake nunawa, ba ya shaida cewa ƙwayar na da rai. In kuma ka samu rinin asetokarmin, ɗumama gilashin kaɗan, danna a hankali, ka duba da ƙarfin da ke ƙara girma sau 400. Za a ga cibiyar babbar ƙwaya dishi-dishi, kusa da ita kuma wasu sirara biyu da suka sha rini sosai. Su ne ƙwayoyin namijin.